Wa Ke Yi Wa Direban Motar Asibiti Gaisuwa?

Al'adar Bahaushe ce idan an yi rasuwa a zauna makoki, a yi sadakar uku da ta bakwai, wasu har ta arba'in. Ana yi wa maza gaisuwa a zaure, mata a cikin gida, maƙwabta kuma su aiko da abinci don kada masu rashi su hura wuta. Hikimar wannan tsari ita ce kada a bar mutum shi kaɗai da baƙin cikinsa. To, amma akwai mutum biyu waɗanda sau da yawa a gabansu rai ke fita, kuma da wuya ka ji an ce musu ko sannu: direban motar asibiti, da malamin asibitin da ke zaune a baya riƙe da ledar ƙarin ruwa. A kansu nake so mu yi magana, musamman masu aiki a Anka da Gummi da Bukkuyum, a yammacin Jihar Zamfara.

Mai karatu ya fara duba irin fasinjan da ake ba su. Asibitin ƙaramar hukuma ba ya tura majiyyaci Gusau ko Sakkwato sai abin ya fi ƙarfinsa: mace mai doguwar naƙuda da jini ya ɓalle mata, ko yaro mai jijjiga, ko wanda aka harba. Tafiyar kuwa ta sa'o'i ce. Malamin da ke baya yana da abin yi da hannunsa, ko da kaɗan ne. Shi kuwa direba idonsa na kan hanya, kunnensa na baya. Yana jin nishi, yana jin ana kiran sunan mara lafiya, har lokacin da nishin zai ɗauke, salatin mata ya tashi. Ba sai an faɗa masa ba. Daga nan sai ya kashe jiniya, ya nemi wurin juyawa, ya koma da gawa ƙauyen da ɗazu aka raka shi da addu'a. Shi zai taimaka a sauke ta, shi zai wanke jinin da ke cikin mota, gobe kuma da safe shi zai sake tayar da ita. Lalle a zuciyarsa akwai tambayar da ba zai yi wa kowa ba: da na ƙara gudu fa?

Ƙasar nan ta ga abubuwan da suka isa su tsufar da ma'aikaci. A watan Maris na 2010 ne ƙungiyar likitocin nan ta Na-gari-na-kowa, watau MSF, ta lura da yadda yara ke mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Bincike ya nuna gubar dalma ce, daga duwatsun zinariya da ake kawowa cikin gidaje ana niƙawa, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Abare. Aka buɗe wuraren jiyya a asibitocin Anka da Bukkuyum, kuma dole wani ya ɗauko yaran daga ƙauye ya kawo su. Abin da ya fi ciwo shi ne maganin ba ya amfani sosai muddin yaro zai koma cikin ƙurar, don haka sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar gari tukuna. Mutanen Bagega sun jira wannan aiki har 2013. Mai karatu ya auna zuciyar ma'aikacin da ya san maganin, ya san yaron, amma sai dai ya ce wa uwa ta ƙara haƙuri.

Bayan dalma sai bindiga. A farkon Janairu na 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Mazauna suka ce an kashe kimanin mutum 200, gwamnatin jiha ta ce 58 ne. A Satumba na 2024 kuma kwalekwale ya kife da manoma kusa da Gummi, mutane da dama suka nutse. Jaridu sun ƙidaya matattu, sun ji ta bakin hukuma. Waɗanda suka ɗauki masu rauni da gawawwaki, wasu ma 'yan uwansu ne ko abokan wasansu, ba su shiga lissafi ba.

Na san abin da za a ce: ai aikinsu ne, sun saba, kuma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wannan magana ba ta gamsar da ni. Sabo yana hana hannu rawa, ba ya hana mafarki. Haƙuri da dauriya kyawawan halaye ne, sai dai mun mayar da su hujjar ƙin tambayar lafiyar mutum. Yarda da ƙaddara ma ba ta hana hawaye, domin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka sun sanya ciwon firgicin da ke biyo bayan bala'i cikin jerin cututtuka tun 1980. Alamunsa su ne rashin barci, da saurin fushi, da dawowar abin da aka gani cikin rai kamar yanzu yake faruwa, da gudun duk abin da zai tuna da shi. Idan direba ya soma hantarar matarsa ba dalili, ko ya koma shan ƙwaya don ya iya kama sitiyari, mukan ce halinsa ya lalace, ba ma tambayar abin da ya lalata shi.

Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin agajin gaggawa da motocin asibiti na ƙasa, NEMSAS, a 2022, aka kuma sa hannu a sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958. Madalla. Amma sayen mota abu ne mai sauƙi, ana yanka ƙyalle a ɗauki hoto. Abin da nake gani ya kamata bai kai kuɗin taya ba. Duk motar da aka yi rasuwa a cikinta, shugaban asibiti ya zauna da ma'aikatanta a ranar, ya ji yadda aka yi ba da nufin tuhuma ba, ya ba su hutun kwana ɗaya. Kada a bar direba ɗaya yana jigila dare da rana. A koya masa taimakon farko, don rashin abin yi shi ke cin rai. Likitocin Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware kuma su riƙa kewayo, domin ma'aikaci ba zai kai kansa can ba, gudun kada a ce ya taɓu.

Mu ɗaliban Hausa ma da namu aikin. Muna da alhini da juyayi da jimami, muna da razana da fargaba da zullumi, amma da zarar an ambaci ƙwaƙwalwa sai mutane su ji hauka. Ya kamata a bi waɗannan kalmomi a tantance su, a ji yadda direbobi da malaman asibitin Anka da Gummi da Bukkuyum ke amfani da su a bakinsu, a fitar da sunan da mutum zai iya faɗa wa likita ba tare da ya sunkuyar da kai ba.