Kafin Motar Lantarki Ta Iso Hotoro

Duk wanda ya bi ta Gyaɗi-Gyaɗi ya ratsa Tarauni ya faɗa Hotoro zai iske gareji-gareji a jere, kuma da wuya ya rasa gardama a cikinsu. Wannan ya ce in ba Toyota ba sai rijiya, wancan ya ce Honda ce motar mutunci, dattijo kuwa ya girgiza kai ya ce tun da aka daina 504 aka daina mota. Mutane suna ɗaukar wannan a kan son rai kawai, alhali kuwa lissafi ne. Motar da ake ƙauna a Kano ita ce wadda in ta lalace da hantsi za a samo kayanta a Ƙofar Ruwa kafin azahar, bakaniken unguwa kuma ya san cikinta.

Haka Peugeot, watau Fijo, ta sami shiga. An fara harhaɗa ta a Kakuri ta Kaduna a 1975, gwamnatin soja ta mai da ita motar ofis, ma'aikaci kuma ya karɓi rancen mota ya sayi irinta. A lokacin ana yin taya a cikin ƙasa, a kamfanonin Michelin da Dunlop, Kano ma tana da masana'antar harhaɗa manyan motocin Fiat a hanyar Zariya. To, amma inji da muhimman sassa daga Turai suke zuwa. Da darajar naira ta faɗi bayan 1986 sai sabuwar mota ta gagari albashi, kasuwa ta koma ga tsofaffin da ake kira Beljiyam, ƙaunar Fijo kuwa ta bi kayan gyara zuwa motocin Japan. Kamfanonin tayar nan biyu ma sun daina aiki a wajen 2007 da 2008.

Wannan tarihi ya kamata a riƙe yanzu da ake maganar motar lantarki. A 2021, lokacin da Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, yake shugabancin hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, an nuna Hyundai Kona da aka harhaɗa a Legas, aka kuma buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya yi ta cire injin fetur daga ƙananan bas-bas yana sa musu batir. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, direban da yake wucewa ta gaban daffon mai na Hotoro ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kan tsadar lita.

Sai dai harhaɗawa daban, ƙerawa daban. Motar lantarki ba ta da falogi, ba ta shan baƙin mai, ba ta da salansa. Watau rabin abincin bakanike ya tafi. Abin da ya saura shi ne batir, da na'urar juya ƙafa, da akwatin sarrafa wuta, waɗanda galibinsu daga Sin suke fitowa. Batir kuwa ba ya shiri da zafi, kuma kowa ya san yadda Kano take a watan Afrilu. Ranar da batirin wani ya mutu ya yi wata uku yana jiran jirgin ruwa, labarin zai karaɗe Tarauni kafin magariba, kuma ba tallar da za ta wanke sunan wannan mota.

Ba a ce Kano ta fara yin ƙwayar batir gobe ba. Amma kujeru, da takalmin birki, da wayoyi, da akwatin batir, da sassan roba, duk ba su fi ƙarfin masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai ba, musamman da yake an buɗe tashar hasken rana mai megawat 10 a wajen Challawa a 2023. Masu naɗin waya da suke gyaran injin ban-ruwa sun riga sun san rabin aikin.

Kamata ya yi a fara da Adaidaita Sahu, wadda ta cika titunan birni tun da aka hana acaɓa a 2013, domin kayanta kaɗan ne, masu ita kuma da yawa. Duk ma'aikatar da za ta sayi motar lantarki ta sa sharaɗi a takardar kwangila cewa wani kaso na kayan gyara a nan za a yi shi, kuma mai sayarwa ya ɗauki ɗaliban kwalejojin fasaha da yaran garejin Hotoro ya koya musu aikin batir kafin a biya shi kuɗinsa.