MAROKO: USMANI KAƊAI NE YA KAYAR DA PJD?

Ranar 8 ga Satumba, 2021, jam'iyyar PJD mai da'awar Musulunci ta sha mummunan kaye a zaɓen Maroko. Daga kujeru 125 da ta samu a 2016 ta rikito zuwa 13 kacal, cikin 395. Shugabanta, Firayim Minista Sa'aduddin Usmani, ko kujerarsa ta Rabat bai tsira da ita ba. Washegari ya yi murabus, magoya baya kuma suka yi masa ca, wai shi ya kashe jam'iyya.

Lallai yana da laifi, babba ma kuwa. Da hannunsa ya rattaba hannu a kan takardar ƙulla hulɗa da Isra'ila ranar 22 ga Disamba, 2020, a gaban Sarki Muhammad na Shida da Jared Kushner, surukin Trump. Mutumin da jam'iyyarsa ta shekara da shekaru tana cika tituna da sunan Falasɗinu! Masu kare shi suka ce umurnin Sarki ne. To, alƙalamin a hannun wa yake? Ba zai iya ajiye shi ya bar musu kujerarsu ba?

Amma masu son a rataya wa Usmani komai, akwai abin da suke ɓoye wa 'yan uwa. Gwarzon nasu, Abdul'ilah Binkiran, wanda ya riƙe gwamnati daga 2011 zuwa 2017, shi ya janye tallafin man fetur, shi ya ɗaga shekarun ritaya daga 60 zuwa 63. Talakan da ya zaɓe su don ya sami sauƙi, a jikinsa ya ji. Kuma da aka sa hannun nan, wa ya fito yana cewa kada a zargi Usmani? Binkiran ɗin ne dai.

Sannan ga fada. A 2016 Binkiran ya ci zaɓe, aka hana shi kafa gwamnati har wata biyar, Sarki ya sallame shi a Maris 2017 ya ɗauko Usmani. Jam'iyya ta haɗiye, ta ce sami'ina wa aɗa'ana. A 2021 aka sauya lissafin rabon kujeru ya koma bisa yawan masu rajista maimakon ƙuri'un da aka kaɗa. Suka yi kururuwa a majalisa, doka ta wuce, suka kuma shiga zaɓen a haka.

Shekara goma kenan suna riƙe da ƙaho wani na tatsa. Harkar waje, soja da lamurran addini duk suna hannun Sarki, su kuwa an bar musu ƙarin farashi da zagin talakawa. Wannan ciniki ba Usmani ya ƙulla shi ba, jam'iyya ce gaba ɗayanta ta amince da shi tun 2011.

A Oktoba 2021 suka dawo da Binkiran shugabanci, wai gyara. Firayim Minista kuwa aka ba Aziz Akhannush, attajirin man fetur, wanda shi ne ya tare wa Binkiran hanya a 2016.