A ba mai cin nama namansa, amma ba mushen kaza ba

Malam Edita,

Ina roƙon ka ɗan tsakura mini fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in ja hankalin 'yan'uwana mutanen karkara da 'yan tireda masu ajiye kyanwa ko kare. Maganata a kan wani abu ne da muke yi kullum ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, wato jefa wa waɗannan dabbobi kazar da ta mutu da kanta.

Amma a yi mini haƙuri in faro daga nesa kafin in zagayo gida. A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata 'yar dabba da ake kiwo a cikin gida, ana ce mata feret. Mu ba mu da ita, sai dai duk wanda ya san bodari ya san danginta, domin gida ɗaya suka fito da shi da dage. Siririya ce mai dogon jiki da gajerun ƙafafu, ba ta cika wuce kilo 2 ba, kuma ita ma ba ta rasa ɗan warin nan na gado ba. Fiye da shekara 2000 ke nan mutane suna ajiye ta, asali don farauta. Sai a ɗana raga a bakin ramukan zomaye, a zura ta ciki, ta koro su waje. Yanzu kuwa yawanci don sha'awa ake kiwonta.

To, a cikin masu kiwon nan akwai waɗanda suka ce ba su yarda da busasshen abincin kanti ba, domin ana cuɗa shi da garin hatsi. Abin da suke ba ta shi ne ɗanyen nama, ko kuma su sayi ɓeraye da 'yan tsaki da salwa waɗanda aka daskarar a firiza, su miƙa mata sukutum, da gashi da ƙashi da kayan ciki. In aka kawo wannan labari a majalisa dariya ake yi, a ce Bature ya rasa abin yi, mu muna neman mai raba mu da ɓera, shi yana saye da kuɗinsa. Dariyar ba laifi, amma fa mutanen nan suna da hujja. Hanjin feret gajere ne ƙwarai, abin da ta ci cikin awa 3 zuwa 4 ya wuce ya fita. Ba ta da inda hatsi ko ganye zai tsaya ya narke. Kuma tsoka zalla ma ba ta wadatar da ita. A ƙashi take samun abin da ke ƙarfafa nata ƙashin, a hanta da zuciya take samun sinadaran da tsoka ba ta da su da yawa. Shi ya sa suke cewa a ba ta dabbar gaba ɗaya kamar yadda kakanninta ke ci a daji.

A nan na yarda da su ɗari bisa ɗari, kuma maganar ta shafi kyanwarmu, domin ita ma haka Allah ya halicce ta. Akwai wani sinadari da ake kira taurin, a nama da kifi yake, babu shi a gero ko dawa. Kyanwar da ta daɗe ba ta samunsa idonta na lalacewa, zuciyarta kuma ta yi rauni. A 1987 likitocin dabbobi a jihar Kalifoniya suka tabbatar da cewa rashinsa ne ke kawo wa kyanwoyi wani ciwon zuciya da ya yi ta kashe su. Saboda haka mai zuba wa kyanwa ɗumamen tuwo safe da yamma, yana cewa ai ya ciyar da ita, ɓerayen rumbunsa ne suke rufa masa asiri. Wasu kuma da gangan suke barinta da yunwa wai don ta fi farauta. Wannan ba dabara ba ce. Kyanwa mai ƙoshi ma tana farauta, halinta ne, mai yunwa kuwa ita ce ke shiga akurki ta ɗauke maka ɗan tsako.

Inda nake so a buɗe kunne shi ne nan. Su waɗancan masu feret ba mushe suke ba ta ba. Ɓerayen da 'yan tsakin kiwonsu ake yi musamman, da lafiyarsu ake kashe su a daskarar. Duk da wannan kaffa-kaffa, ɗanyen nama bai bar ja wa masu dabbobi asara ba tun da murar tsuntsaye ta bazu a duniya. A 2004, a wani gidan namun daji a ƙasar Tailan, manyan damisoshin nan na Asiya masu zane-zane fiye da 140 suka mutu ko aka kashe su, bayan an ciyar da su ɗanyun kaji masu ɗauke da cutar. A 2023 kyanwoyi kusan 30 aka tabbatar sun kamu a ƙasar Polan, kuma zargi ya faɗa kan ɗanyen naman kaji. A shekarar dai aka sami cutar a jikin wasu feret na gida a can. A watan Disamba na 2024, a jihar Origon ta Amurka, wata kyanwa da ba ta ko fita waje ta mutu bayan ta ci ɗanyen naman talo-talo na kanti, wanda aka sayar a daskare, har kamfanin ya janye kayan daga kasuwa. Sanyi ba ya kashe ƙwayar cutar nan, ajiye ta ma yake yi. Wuta ce ke kashe ta, idan naman ya dahu har ciki.

Ita feret ma tana da saurin ɗaukar mura. A jikinta ne masu bincike a Landan suka fara gano ƙwayar cutar murar ɗan Adam a 1933, kuma har yau da ita ake gwaji.

To, jama'a, in mai firiza da likita a kusa bai tsira ba, ina ga wanda ya tashi da safe ya tarar da kaza ta sandare a akurki, ya kama ta ta ƙafa ya wurga wa kare? Kada wani ya ce ai wannan ciwon Turawa ne. A duk Afirka, a ƙasar nan aka fara tabbatar da wannan mummunar mura a kaji, a wata gona da ke Jaji ta jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006. Kafin watan ya ƙare an same ta a Magarya ta Jamhuriyar Nijar. A farkon 2007 ta kashe wata mata a Legas. Ta lafa, ta sake dawowa a 2015, ta kuma dawowa a 2021. Masu gonakin kaji na Kano da Filato ba su manta ba.

Na san abin da za a ce mini: ai kowane hunturu kaji na mutuwa, tun kaka da kakanni, kuma karnuka na ci ba abin da ya same su. Gaskiya ne yawancin mutuwar kajin hunturu wata annoba ce dabam, wadda har allurarta ake yi a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom. Amma da ido ba ka iya bambance ta da murar tsuntsaye, alamunsu kusan ɗaya ne, sai an kai ɗakin gwaji. Kuma ko wacce ce daga ciki, karen da ka ba ba a wuri ɗaya zai zauna ya cinye ba. Zai ja ta daga bayan gida zuwa gindin rumbu, ya watsa gashi da hanji a tsakar gida, sauran kajin su bi suna tsattsaga. Gobe ka tarar da uku a ƙasa, jibi na maƙwabcinka. Kajin nan kuwa su ne asusun matan ƙauye, da su ake sayen magani da sabulu da littafin yaro. Ita kuma kyanwar da ta ci, a tabarmar yaran take kwana.

Haka 'yan'uwanmu masu yanka da fiɗar kaji a kasuwa. Kayan ciki da waɗanda suka mutu a keji kan hanya, a bayan rumfa ake zubarwa, karnuka da kyanwoyi da ungulu su yi ta wasoso. Don Allah a samu rami.

Wani kuma zai ce mutum bai ga nama a miyarsa ba, ana yi masa zancen abincin kyanwa. Ai ban ce a saya mata kilishi ba. Ɓeran da ta kama da kanta ya riga ya biya rabin buƙata. Sauran kuwa, ɗan guntun huhu ko zuciya daga wajen mahauci, ko kan kifi, ko ɓurɓushin busasshen kifin da ke ƙasan buhu, ya isa. A tafasa shi da ruwa zalla, a ba ta har da romon, domin sinadarin nan da na ambata yana fita cikin ruwan. Kada a sa albasa, tana lalata jinin kyanwa da kare. Kada kuma a ba su ƙashin kazar da aka dafa, yana tsagewa kamar tsinke ya soke maƙogwaro ko hanji. Mai shago kuma ya zaɓi ɗaya, ko kyanwa ko maganin ɓera. Ɓeran da ya ci guba tafiyarsa ke raguwa, shi kyanwa za ta fara cafkewa, kuma gubar na iya binsa ta shiga cikinta.

Kazar da ta mutu da kanta kuwa, a sa leda a hannu a ɗauke ta, a haƙa rami mai zurfi yadda kare ba zai tono ba, a binne ko a ƙone, sannan a wanke hannu da sabulu. In sun fara faɗuwa biyu uku a rana ɗaya, kada a yi saurin yanka sauran a kai kasuwa, a nemi malamin dabbobi tukuna.

A ƙarshe, Malam Edita, ina kira ga sassan aikin gona na ƙananan hukumomi da su tura malaman dabbobi kasuwannin ƙauye ran kasuwa kafin hunturu ya kankama, da allurar kaji a hannu, kuma su bar wa sarkin kasuwa da masu unguwanni lambar wayar da za a kira idan kaji suka fara mutuwa.

Naku,
Wani mai kiwon kaji,
Funtuwa, jihar Katsina.