Ina Fim Ɗin Satiru?

Wai ana tambaya ko sababbin fina-finan Hausa sun cancanci kallo. Amsata ita ce, kaɗan daga ciki. Na kalli Mai Martaba na 2024, na ga aiki. Ba banza Nijeriya ta tura shi gasar Oscar ba. Kwana Casa'in ma ya taɓa 'yan siyasa inda yake masu ciwo. To, saura fa? Soyayya ɗaya ake ja zango bayan zango don kuɗin YouTube, barkwanci kuwa ya koma ihu da zagi.

Rannan na tambayi ɗalibaina labarin Satiru na 1906, nan bayan gari, aji ya yi tsit. Amma jaruman fassarar Indiya, kowa ya haddace.

Laifin wa? Namu ne, marubuta. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim domin ya tarar da littafin a rubuce. Mu wane ƙagaggen labari muka rubuta kan Tabkin Kwatto, Alƙalawa ko Nana Asma'u da darakta zai ɗauka? In ba za mu ɗauki alƙalami ba, mu daina kukan lalacewar tarbiyya.