Wakilci Daban, Miƙa Mabuɗi Daban

A zangon karatun da ya wuce, lokacin rajistar kwasa-kwasai, zazzaɓi ya kwantar da ni a Gadau. Ganin wa'adi ya kusa cika, sai na rubuta lambata da kalmar sirrina a takarda, na ba wani aboki ya kai wani shagon intanet a Azare a yi mini. Da na warke na duba, sai na tarar an zaɓa mini kwas ɗin da ba nawa ba, an kuma sauya lambar wayar da ke shafina. Da na je neman gyara, abin da aka gaya mini shi ne, kwamfuta ta nuna ni na shiga, ni na zaɓa. Kuma gaskiya ne, domin ba ta ga kowa ba sai sunana. Tun ranar na ɗauki ra'ayin cewa ba da kalmar sirri ba wakilci ba ne, ba kura ajiyar nama ne.

Mai karatu, Bahaushe ya daɗe da sanin wakilci. Dubi wurin ɗaurin aure. Wakilin ango yakan karɓi aure a madadinsa, a gaban shaidu, a ambaci sunan wakili da na wanda ya wakilta. Da an shafa fatiha wakilcin ya ƙare. Ba shi da ikon zuwa ya sayar da gonar ango. Haka nan a Masarautar Katagum, wadda fadarta ke Azare tun 1916, hakimi da dagaci da mai unguwa kowa da iyakar hurumin da muƙaminsa ya ba shi, kuma ranar da aka sauke mutum, iko yakan bi rawani, ba ya bin shi gida.

Wannan hikima ce masana kwamfuta suka mayar ƙa'ida. A shekarar 1992, David Ferraiolo da Richard Kuhn na hukumar daidaita ma'auni ta Amurka, wato NIST, suka fitar da tsarin da zan kira “izini bisa muƙami”. Maimakon a bi mutane ɗaya bayan ɗaya ana ba su izini, sai a rataya izinin a kan muƙami. Alal misali, ɗalibi ya ga sakamakonsa kaɗai, malami ya shigar da makin kwas ɗinsa, shugaban sashe ya amince, ma'aji kuwa ya ga kuɗi amma kada ya taɓa maki. Idan malami ya bar aiki, sai a cire shi daga muƙamin, duk ƙofofi su rufe a lokaci guda.

To ina wakilci ya shigo? Manyan manhajoji irin na bankuna da jami'o'i ba dunƙule suke ba, sassa-sassa ne a kan babbar kwamfutar da ke ɗauke da su. Wani sashe ya tarbe ka ya tantance ka, wani ya lissafa kuɗi, wani ya buɗe rumbun bayanai. A tsarin Java na manyan ma'aikatu, wanda kamfanin Sun ya fitar a 1999, wanda a yau ake kira Jakarta EE, sashen da ya tarbe ka yana da hanya biyu idan zai aiki wani sashe. Ko dai ya tafi da sunanka, a ba shi abin da muƙaminka ya halatta kawai, ko kuwa ya sa rigar wani muƙami da masu manhajar suka ware masa tun farko. Hanya ta biyu tana da amfani, domin da ita ce za a rubuta maka rasit a rumbun da kai ba ka da izinin shiga. Amma tana da haɗari. Tun 1988 wani masani, Norm Hardy, ya yi bayanin matsalar “ruɗaɗɗen wakili”, wato sashe mai babban iko da ƙaramin mutum zai yaudara ya yi masa aikin da shi bai isa ya yi ba. Maganinta shi ne a taƙaita ikon wakili, a kuma rubuta wa ya aika da wa aka aika.

Na san wani zai ce, ai sabis ba ya samuwa kullum, ba kowa ke da kwamfuta ba, kuma malami mai aiki da yawa dole ya nemi mai taya shi shigar da maki. Duk na yarda. Sai dai wannan hujja ce ta a gina wakilci a cikin manhaja, ba ta a riƙa miƙa mabuɗi ba. Me zai hana a samar da muƙamin “mataimaki”, mai izinin aiki guda, na kwana ɗaya ko biyu, wanda za a riƙa rubuta sunansa? Da haka ne, da mai shago bai iya taɓa lambar wayata ba, da kuma an san wanda ya yi kuskuren. Dokar kare bayanai da Nijeriya ta kafa a 2023 ta ɗora wa masu riƙe bayanan jama'a nauyin tsare su, saboda haka wannan ba alfarma ba ce.

Mu ma ɗaliban harshe da namu aikin. Muna da wakili da jakada da waliyyi da ɗan aike, kowace kalma da iyakar ikonta. Mu ne ya kamata mu zaɓo waɗanda suka dace, domin iyayenmu da ke miƙa katin banki da lambarsa ga mai POS a kasuwar Azare su fahimci bambancin aike da miƙa gida.

Kafin a gyara manhajoji, ɗan'uwa, idan lalura ta sa ka ba da kalmar sirrinka, ka tsaya a yi a gabanka, ka kuma sauya ta a ranar. Allah ya sa mu dace, amin.