Ana auna guba a buhun wake da zoɓo, wa ke auna ta a jikin lebura?

Da zarar kaka ta yi, manyan motoci kan yi layi a hanyar Gumel zuwa Maigatari suna lodin riɗi da zoɓo da wake. Daga ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar, har da na tsallaken iyaka a yankin Damagaram, kayan na taruwa a sito-sito na dillalai kafin su nufi Kano, daga can kuma zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas. Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, an fi ganin wannan hada-hada. Sai dai tsakanin gona da jirgin ruwa akwai wani aiki da ba a cika magana a kansa ba, wato kashe ƙwarin da ke cin hatsi a ajiya. Masu yin sa kuwa leburori ne da 'yan dako da ake biya a kullum, galibi ba takunkumi, ba safar hannu.

Magunguna biyu suka fi yawo a hannun masu ajiya. Na farko shi ne diklobos, sinadarin da ke cikin fiya-fiya da Sniper. Yana shiga jiki ta numfashi da ta fata, ya hana wani sinadari na jijiyoyi aikinsa, sai mutum ya kama zufa da dalalar miyau da amai, ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashi ya yi masa wuya. Na biyu su ne ƙwayoyin Phostoxin da ire-irensu, waɗanda ake cusawa tsakanin buhuna a lulluɓe da tamfol. Ƙwaya ɗaya mai nauyin giram 3 tana fitar da kusan giram 1 na iskar fosfin da zarar ta haɗu da laima. Wannan iska ba ta da makari. Tana da wari kamar na tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, amma hanci ba ma'auni ba ne, domin mutum na iya shaƙar abin da zai illata shi ba tare da ya ankara ba. Ƙa'ida ita ce a rufe kayan ruf na kwanaki, a nisanta mutane, sannan a bari iska ta ratsa kafin kowa ya shiga. Duk wanda ya san sito na kasuwa ya san cewa a nan maigadi ke shimfiɗa tabarmarsa, a nan kuma yara ke fakewa rana.

Abin lura shi ne yadda waɗannan magunguna suka shiga bakin hukumomi. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, bayan gwaje-gwajenta sun nuna diklobos ya zarce miligiram 0.01 a kowane kilo da dokarta ta amince da shi, kuma aka yi ta tsawaita haramcin. Meziko, babbar mai sayen zoɓon Najeriya, ta taɓa rufe ƙofarta na wasu shekaru saboda ƙwaron kafra, ba ta buɗe ba sai da aka amince da turara kayan a ɗakuna na musamman ƙarƙashin kulawar hukumar NAQS. Daga nan ne cibiyoyin turara zoɓo suka samu, har da wadda ke yankin ciniki maras shinge na Maigatari. A 2018 wani faifan bidiyo da ya nuna ana zuba Sniper a wake ya tayar da ƙura, a 2019 kuma NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni. A duk waɗannan matakai, wanda ake karewa shi ne mai saye da mai ci. Wanda ya buɗe kwalbar da haƙorinsa, ya yayyafa da hannunsa, ba ya cikin lissafin.

Ba wai babu doka ba ne. Akwai Dokar Masana'antu ta 1987, akwai Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 wadda ta wajabta wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansu a asusun NSITF. Najeriya ta rattaba hannu a yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 1994, ta ƙara da ta 187 a 2022, shekarar da ƙungiyar ta sanya lafiyar wurin aiki cikin haƙƙoƙin asali na ma'aikaci. Amma an gina waɗannan dokoki ne a kan ma'aikaci mai takardar ɗaukar aiki da suna a rajistar albashi. Ɗan dakon da ake biya a kan kowane buhu, da matar da ke tsince zoɓo cikin ƙura daga safe zuwa la'asar, ba su da ko ɗaya. Jami'in duba masana'antu ba zai zagaye sito-sito na ƙananan hukumomi huɗu ba, ko da ya zo, tsoron tara kan sa a ɓoye masa gaskiya.

A nan ne masana kimiyya ke da abin yi, kuma akwai misalin da ya nuna zai yiwu. Buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, ya samo asali ne daga binciken Farfesa Larry Murdock na Jami'ar Purdue a Amurka da abokan aikinsa na Afirka, ciki har da masanan cibiyar INRAN ta Maraɗi. Hikimarsa ba ta da wuyar fahimta: idan aka ɗaure ledojin tam, ƙwarin da ke ciki sai su cinye iskar da ta rage, su daina ci da haihuwa, su mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Amma abin da ya sa buhun ya karɓu daga 2007 shi ne yadda aka kai shi ga jama'a. An riƙa zuwa ƙauyuka da kasuwanni, a cika buhu da wake a gaban mutane, a ɗaure, a dawo bayan watanni a kwance shi a gaban waɗanda suka ga ɗaurinsa. Ba wanda ya yi wa manomi lacca a kan haɗarin guba. An ba shi hanyar da ta fi masa riba ne, sai gubar ta fita daga hannunsa. Gani ya kori ji.

Jigawa ba ta rasa cibiyoyi ba. Akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, da Cibiyar Bincike ta Jiha a Kazaure, da Kwalejin Ilimi ta Gumel da ke tsakiyar yankin. A Kano akwai reshen NSPRI, cibiyar tarayya da aikinta kacokan shi ne binciken ajiyar amfanin gona, ga kuma IAR a Samaru. Tambayoyin da ke jiran su ba sa buƙatar na'urorin miliyoyin daloli. Akwai gwajin jini mai sauƙi da ke nuna ko diklobos da danginsa sun fara taɓa jikin mutum. Idan aka yi wa leburorin sito kafin kaka da bayanta, sakamakon zai yi magana da kansa. Akwai ƙaramar na'urar hannu da ke auna fosfin a iska, wadda za ta nuna bayan awa nawa sito irin na Maigatari, mai rufin kwano da ƙananan tagogi, ke zama lafiya a shiga. Akwai kuma batun zafi: rigar kariya da aka ɗinka don ƙasashen sanyi ba ta sawuwa a watan Afrilu a Gumel, lokacin da zafi kan haura digiri 40, kuma duk shawarar da ta yi watsi da wannan za ta ƙare ne a rataye a ƙusa.

Me ya hana, to? Kaso mai yawa na amsar yana cikin yadda ake auna malamin jami'a. Ƙarin girma na zuwa ne da yawan maƙalun da aka buga a mujallu, ba da yawan siton da aka gyara wa tsari ba. Auna ragowar magani a samfurin wake da aka sayo a kasuwa aikin makonni ne, kuma yana haifar da maƙala. Zama da ƙungiyar 'yan dako har su yarda a ɗebi jininsu aikin watanni ne, yana buƙatar izinin kwamitin ɗa'a da amincewar Sarkin Kasuwa. Asusun TETFund, da ke ɗaukar nauyin yawancin binciken manyan makarantu, na iya sauya wannan lissafi idan ya ware kaso ga binciken da ake yi tare da masu sana'a, a kuma mayar musu da sakamakon cikin Hausa. Akwai kuma wani abu da ba a son faɗa: malamin da ɗalibansa ke juya sinadarai a ɗakin gwaji ba tabarau, ba na'urar zuƙe hayaƙi, zai yi wuya ya koya wa ɗan kasuwa taka-tsantsan.

Su ma 'yan kasuwa suna da dalilin buɗe ƙofa, dalilin kuma na aljihu ne. Turarawa a ƙarƙashin yagaggen tamfol asara ce ninki biyu: iskar da ta kamata ta kashe ƙwaro ita ce ke tsiyayewa zuwa huhun lebura, ƙwaron da ya sha kaɗan bai mutu ba kuma shi ke haifar da irin da maganin ba ya ji, abin da masana suka tabbatar a ƙasashe da dama. Sai dillali ya ƙara yawan ƙwayoyi, ko ya koma yayyafa fiya-fiya, wadda ragowarta ce ke sa a dawo da kwantena daga ƙetare. Gyaran da zai kare lebura, wato tamfol mai kyau, adadin ƙwaya daidai, cikar kwanaki da auna iska kafin shiga, shi ne dai gyaran da zai sa kayan su tsallake gwajin Japan ko Turai.

Gwamnatin jihar na tallata Maigatari da filin masana'antu na Gagarawa ga masu zuba jari, kuma kowace sabuwar masana'antar gyaran riɗi ko zoɓo na nufin ƙarin hannaye a cikin ƙura da hayaƙin magani. Yarjejeniyar ba da fili ita ce wurin da ya fi sauƙi a rubuta sharaɗin cewa wata cibiyar bincike ta jihar za ta riƙa auna iskar wurin da lafiyar ma'aikatansa duk kaka, a kuma liƙa sakamakon a ƙofar shiga inda leburori za su gani.