Ƙananan gadojin Kano ma suna buƙatar kulawa

Cikin 'yan shekarun nan Kano ta yi suna wajen gina gadojin sama, daga ta Ƙofar Nassarawa zuwa ta Dangi da ta Hotoro. Sun rage cunkoso, kuma babu mai musun amfaninsu. Amma akwai wasu gadojin da ba a yanka musu kyalle, ba a kuma ɗaukar hotonsu: ƙanana da tsofaffin da ke tsallake rafuka a kewayen Sharaɗa da Challawa da Bompai. A kansu tireloli ke fitar da fata da robobi da kayan masarufi, a kansu kuma leburori ke wucewa safe da yamma.

Waɗannan gadoji suna shan wahala ta ƙasa fiye da ta sama. Rafin Getsi na kwasar gurɓataccen ruwan masana'antun Bompai ya zuba a Jakara, na Salanta kuma na kai na Sharaɗa kogin Challawa. Irin wannan ruwa, musamman na wuraren jima, yana cin siminti, yana sa rodi tsatsa. Shara da leda na toshe bakin kwalbati, sai ruwan damina ya nemi hanya ta gefe, ya zaizaye ƙasar da ke riƙe da gada. Ga kuma masu ɗibar yashi da ke haƙa kusa da ginshiƙai, matsalar da aka daɗe ana kuka da ita a gadar Tamburawa, kan hanyar Zariya.

Tsufa ba shi ke kada gada ba, sakaci ne. Gadar Clifton da ke Bristol a Ingila, wadda ke rataye da sarƙoƙin ƙarfe, an buɗe ta a 1864, kuma har yau motoci na bi ta kanta, domin akwai masu duba ta. A Morbi ta Indiya kuwa, wata tsohuwar gadar lilo ta tsinke ranar 30 ga Oktoba, 2022, kwanaki kaɗan bayan an ce an gama gyara ta, mutum sama da 130 suka mutu. A nan gida, ƙaramar gadar ƙafa ta Lugard, wadda aka kafa a Zungeru a 1904 kafin a mayar da ita Kaduna, ta samu matsayin kayan tarihi na ƙasa tun 1956. Ita ma hujja ce cewa ƙaramar gada na iya wuce shekara ɗari.

Don haka muna kira ga Ma'aikatar Ayyuka ta Jihar Kano da hukumar FERMA, kowacce a titunan da ke hannunta, su ƙidaya waɗannan gadoji, su riƙa duba su kafin faɗuwar damina da bayanta, su kuma bayyana wa jama'a abin da suka gano. A kafa allon da ke nuna nauyin da kowacce za ta iya ɗauka. A hana ɗibar yashi kusa da ginshiƙai. NESREA ta matsa wa masana'antu su tace ruwansu kafin su sake shi. Masu masana'antu ma su sa hannu, domin ranar da gada ta rufta, kayansu ne za su fara tsayawa.

Mazauna unguwanni su daina mayar da ƙarƙashin gada juji, in kuma sun ga tsaga ko rami su kai rahoto da wuri. Rigakafi ya fi magani.